Tulun Kakanni Mai Baki Uku

Ranar da Dakta ta tara mutanen unguwa a harabar makarantar firamare don ta yi musu bayanin abin da aka tono a bayan ajujuwa, mutum ɗaya ne ya gane komai tun kafin ta buɗe baki, wato Injiniya. Sana'arsa manna tayil ce. Sunan Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a jikin babur ɗinsa. Mutane suka ga gardama ba za ta kai su ko'ina ba, suka bar masa.

Yadda abin ya faro, an zo haƙa ramin sabon banɗaki ne, sai leburori suka ci karo da fasassun tukwane da duwatsun wuya da wani tsohon dutsen niƙa. Shugabar makaranta ta tsayar da aikin, ta aika wa jami'a, jami'a ta turo Dakta, masaniyar kayan tarihi, da ɗalibanta. Suka yi wata da watanni a tsugune suna kankare ƙasa da cokalin gini da buroshi, 'yan unguwa masu sha'awa suna taya su. Duk tsingaron tukunyar da aka ciro sai an sa shi a leda, an ɗaura wa ledar 'yar takarda mai nuna ramin da ya fito da zurfin da aka same shi.

"Waɗanda muka samu can ƙasa sun girmi na sama da ɗaruruwan shekaru," in ji Dakta, tana ɗaga wata leda. "Wannan takardar ita ce bakin tsingaron. In aka raba su, ya zama bebe, ba abin da zai iya gaya mana. Don Allah kada wanda ya juye wata leda cikin wata."

Sannan ta zo kan abin da ya tara su. A ƙarshen wata, wani jami'i zai zo daga babban gidan adana kayan tarihi. In ya ga unguwa za ta iya riƙe amana, kayan za su zauna a ɗakin da makaranta ta ware. In ya ga akasin haka, za a kwashe su zuwa birni, yaran da aka tono kayan a bayan ajinsu sai sun hau mota kafin su gan su. Shugabar makaranta ta gyara zama. Ita ce ta yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi har aka yarda a zo a duba, kowa ya san takalmi nawa abin ya cinye mata.

Don ƙarfafa gwiwa, Dakta ta nuna hoton wata tukunya da aka haɗa daga tsingaro a wani wuri. Nan Injiniya ya miƙe.

"Dakta, wannan waye ya haɗa ta?"

"Ƙwararru ne. Sun kusa shekara biyu suna aikin."

"Shekara biyu." Ya juya ya dubi jama'a cikin tausayi. "Tukunya ɗaya. Ni da na gama banɗakunan otal gaba ɗaya a mako guda."

"Otal ɗin da ruwan wanka ke gangarowa falo, Yaya?" in ji Tela daga baya. Tela ƙanin matar Injiniya ne, kuma tun ranar da aka ɗaura auren bai taɓa barin wata magana ta mijin yayarsa ta wuce lafiya ba.

"Tsarin zamani ne, ɗan zare. Ba a yi shi don masu taka keke ba."

Dakta ta ga hanyar da za ta sallame shi cikin mutunci. Ta ce tun da Allah ya ba su mai tayil a unguwa, sai ya taimaka ya gyara daɓen ɗakin. Daɓe kawai, ta maimaita. Shugabar makaranta ta ba shi makulli, washegari kuma Dakta ta koma birni don ta shirya zuwan jami'in.

Gaskiya ita ce daɓen ya yi kyau. Injiniya ya iya aikinsa, matsalarsa bai san inda aikinsa ya tsaya ba. Yana gamawa ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon kwalayen da aka jera a jikin bango, cike da ledoji. Tela ya shigo auna tagogi don labule, ya same shi yana girgiza kai.

"Lafiya, Yaya? Ko daɓen ne ya fara gangara?"

"Dubi nan. Babban mutum zai taso tun daga birni, ya zo ya tarar da ledoji kamar teburin mai gyaɗa. Ya ce kakanninmu ba su iya komai ba sai fasa tukunya."

"Dakta ta ce kada a taɓa."

"Dakta boko ta sani, ni hannu na sani. Ka ga yadda idonta ya yi haske da ta nuna hoton nan? So take, kunya ce ta hana ta roƙe ni. Zan haɗa musu tulun da in jami'in ya gani, shi da kansa zai aiko mana da nasu mu adana."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Tela. "Ni dai labule aka sa ni, kuma ban ga komai ba."

Sawu bayan sawu Injiniya ya yi jigilar kwalayen tsingaro a bayan babur. Duwatsun wuya da dutsen niƙa ya bar su, don ba su da abin gyarawa. Da Shugabar makaranta ta ga bango ya yi fili ta tambaya, ya ce ya kai su inda za a kula da su. Ta ɗauka ƙurar siminti yake guje musu, har ta yi masa godiya. Ya karɓi godiyar hannu biyu.

A gida ya shimfiɗa tabarma a ɗakin baƙi, ya kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya ya juye su wuri guda, suka yi tsibi. Amma kada a ce masa marar kula. Duk 'yan takardun nan da Dakta ta ce su ne bakin tsingaro, ya cire su a hankali, ya jera, ya ɗaure da roba, ya sa a leda guda mai kyau don kada ko ɗaya ta ɓata.

Matarsa ta leƙo. "Baban yara, wannan jujin fa?"

"Tarihi ne."

"Ni na share ɗakin nan da safe. Tarihin zai daɗe?"

"Ki iya bakinki. Kakanninki ne a zube a nan."

"To su tashi kafin yayarka ta zo, don nan take kwana."

Ya fara da rarraba su yadda kowane mai tayil mai hankali zai yi, ja da ja, baƙi da baƙi, manya gefe, ƙanana gefe. Sai ya ɗauki biyu ya haɗa bakinsu, suka ƙi. Ya ɗauki wasu biyu, suka ƙi. Ya wuni yana gwadawa, bai samu biyu da suka yarda da juna ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa magina tukwanen dā ba su da ma'auni, kuma ba laifinsu ba ne, zamaninsu ne bai kai ba. Ya jawo injin yankan tayil.

Unguwa ta san an fara aikin tarihi. Injin ya dinga kuka tun safe har la'asar, jar ƙura ta tashi ta tsallaka katanga. Farin wankin maƙwabciya ya koma ruwan ƙasa a kan igiya. Ta zo da zanen a hannu ta tsaya a ƙofa.

"Injiniya, me na yi maka?"

"Ki adana shi, baiwar Allah. Ƙurar da ta hau zanen nan ta fi shekara ɗari biyar. Wasu nema suke ba su samu ba."

"Sai ka zo ka wanke shekarun da hannunka."

Duk tsingaron da ya ƙi shiga, inji ya koya masa ladabi. Mai lanƙwasa aka miƙar da shi, mai tsini aka rage masa, mai zane a gefe aka yanke zanen don layi ya tafi daidai. Da yamma suna zaune kusurwa huɗu-huɗu, ba mai gardama.

Gam ya ƙi riƙewa, sai ya koma farin siminti. Da ginin ya kai gwiwa, ya sulale ya zauna kamar wanda ya gaji. Injiniya bai karaya ba. Ya lanƙwasa rodi ya yi ƙashi, ya naɗe shi da ragar waya, ya yaɓa siminti mai kauri, sannan ya riƙa manna tsingaro a kai layi-layi, yana duba igiya, yana cike tsakani da farin siminti. Abin ya tsaya. Ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji, don tsingaro ba su ƙare ba, shi kuwa ba mutumin da ke barin ragowar kayan aiki ba ne.

Sai ya iso wuya, ya tarar da matsala. Bakunan tukwane da ke hannunsa iri-iri ne, kuma uku daga ciki sun fi ƙarfin a yar. Ya yi tunani na ɗan lokaci, ya sa duka ukun, ɗaya a sama, biyu a kafaɗa.

Tela ya zo gaishe da yayarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin baƙi yana ƙare wa abin kallo.

"Yaya, wannan tulu ne ko taron dangi?"

"Jahilci. Kakanninmu masu karɓar baƙi ne. Mutum uku suna ɗiban ruwa lokaci guda, ba mai jiran wani."

"A ina ka ji?"

"Ga shi kana gani da idonka."

"Kai ka yi shi jiya."

"Da kayansu na yi. In ba haka suke so ba, me ya sa suka bar baki uku?"

Tela ya zagaya ya nuna wani gurbi a ciki, inda raga ke leƙowa. Tsingaro sun ƙare kafin cikin ya rufe. Injiniya ya ce ya gani, ba ya buƙatar mai allura ya nuna masa rami. Ya shiga sito ya fito da ragowar shuɗin tayil na wani banɗaki da ya yi bara, ya yanka shi sirara, ya zagaye cikin tulun da shi kamar ɗamara.

"Wannan ma na kakanni ne?" in ji Tela.

"Da suna da shi da sun sa."

Saura abu ɗaya ya dame shi. Da yawa daga tsingaron suna da baƙin hayaƙi a baya, wasu da wani ƙanzo-ƙanzo manne a ciki. Ɗaliban Dakta sun ƙi yarda a wanke irin waɗannan, suka ce daga nan ake gane abin da aka dafa da kuma zamanin da aka dafa shi. Injiniya ya ɗauki wannan a matsayin lalacin yaran zamani. Ba zai bari baƙo ya ce kakannin unguwa ƙazamai ne ba. Ya kawo ruwan asid da ake wanke sabon tayil, ya goge tulun tas da buroshin ƙarfe, ya bi shi da man ƙyalli. Warin ya kori kowa daga gidan, har kyanwa ta koma maƙwabta. Matarsa ta yi girki a ƙofar gida, tana amsa gaisuwar masu wucewa da fuskar da ta hana su tambaya.

Da safiyar ranar zuwan jami'in, Injiniya ya sa sabuwar riga, ya kira mai kurar ɗaukar kaya da majiya ƙarfi huɗu daga bakin kasuwa. Suka kama tulun, suka ce bismillah, tulun bai motsa ba. Suka sake kamawa, ɗaya ya saki ya riƙe bayansa.

"Maigida, me ka zuba a ciki?"

"Nauyin tarihi ne. Ku dage."

Da ƙyar suka ja shi a kan buhu zuwa ƙofa, a nan aka gano abin da igiya da ma'auni ba su faɗa ba: tulun ya fi ƙofar faɗi. Aka juya shi ta gefe, bakin kafaɗa ya tokare. Aka cire ƙyauren, bai isa ba. Aka ɓalle katakon ƙofar, saura kaɗan. Injiniya ya dubi bango, ya dubi agogo, ya aika a kawo guduma.

"Baban yara," in ji matarsa, a hankali ƙwarai, "in ka taɓa bangon nan, ka haɗa da gina mini inda zan koma."

"Bulo biyu ne kawai."

"Haka ka ce ranar da ka gyara famfo."

Bulo biyun suka fita, suka tafi da maƙwabtansu. Ɗakin baƙi ya samu ƙofar da mota za ta iya shiga. Aka ɗora tulun a kura, aka lulluɓe shi da zanen gado mafi kyau a gidan, wanda matar ba ta san an ɗauka ba sai da ta gan shi yana tafiya a titi.

Ba su yi nisa ba tayar kura ta fashe. Mai kura ya ce shi daga nan ya sauka, Injiniya ya ce a tura a kan ƙarfen. Aka tura, ƙarfe yana kukan da ya fito da mutane daga shaguna. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya bar tayarsa, mata suka leƙo ta taga. Wani ya ce gawa ce, wani ya ce injin niƙa ne, Injiniya yana gaba yana buɗe hanya da hannu yana cewa a yi haƙuri, kowa zai gani a makaranta. A gangaren kusa da shagon Tela kurar ta ƙwace. Majiya ƙarfi suka bi ta da gudu, Injiniya ya bi su yana ba da umarni. Ta daki dakalin shagon, dakalin ya tsage biyu, rumfar kwano ta sauko ta zauna. Aka ɗaga zane aka duba. Tulun ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ka ga aiki," in ji Injiniya yana haki.

Tela ya fito daga ƙarƙashin rumfa da almakashi a hannu. Ya dubi dakalinsa, ya rufe shago, ya ce wannan biki ko da rarrafe sai ya je.

A makaranta kuwa komai yana tafiya yadda Shugabar makaranta ta yi mafarki. Dakta ta iso tare da jami'in, wani dogon mutum mai tabarau wanda ba ya gaggawar magana. Ya duba daɓe, ya duba labule, ya duba duwatsun wuya a cikin akwatin gilashi da iyayen yara suka haɗa hannu suka yi. Ɗalibai 'yan aji shida suka yi masa bayanin dutsen niƙa ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Ya gyaɗa kai sau da yawa.

"Malama, na je wurare da dama," ya ce. "Ban cika ganin unguwar da ta ɗauki abin da muhimmanci haka ba. Saura in ga tsingaron, sai mu kammala."

Dakta ta dubi bangon da ta bar kwalaye. Ta dubi Shugabar makaranta.

"Suna wurin Injiniya," in ji Shugabar. "Saboda ƙura. Yanzu zai kawo su."

"Wane injiniya?" in ji Dakta, muryarta ta sauya.

Amsar ta shigo ta ƙofar makaranta da kanta, da kukan ƙarfe da rabin unguwa a baya. Ƙofar ɗakin tarihi mai ƙyaure biyu ce, don haka wannan karon bango ya tsira. Aka shigo da kayan a kan kafaɗun mutum takwas, aka dire a tsakiyar ɗaki. Injiniya ya share gumi, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, Dakta, Malama, jama'a. Ƙwararru suna shekara biyu a kan 'yar tukunya. Ni ban ce komai ba. Ku dai duba."

Ya fizge zanen.

Tulun ya tsaya yana ƙyalli, ya kai kafaɗar mutum, da layukan farin siminti a miƙe kamar bangon kicin, da shuɗiyar ɗamara, da bakuna uku kowanne yana kallon wani gefe. Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannunsa aljihu.

Dakta ta matso. Ta zagaya shi sau ɗaya a hankali, ta sa yatsa a kan wani tsingaro mai kusurwa huɗu.

"Ka yanka su."

"Gyara na yi musu. Ba ko ɗaya da ya zo daidai, Dakta. Na sha wahala, amma ba sai kin gode ba."

"Baƙin da ke jikinsu fa?"

"Ya fita tas. Asid ba ya wasa."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, ta nuna bakin sama. "Wannan daga can ƙasan rami ya fito. Ya girmi wannan cikin da kusan shekara ɗari biyar."

"Shi ya sa na sa shi a sama. Babba babba ne."

"Wannan kuma," ta nuna na kafaɗa, "ba ma bakin tulu ba ne. Gindin wata tukunya ne da ya ɓule."

"To yanzu ya samu ci gaba."

Jami'in ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ko abin zai sauya. Ya sunkuya kan ɗamarar. "Wannan shuɗin daga wane zurfi aka samo shi?"

"Daga banɗakin mai kantin magani, ranka ya daɗe," in ji Tela daga taga. "Hawa na biyu."

Dariya ta ɓarke a waje, ta shigo ɗaki, har malamai suna juya fuska bango. Shugabar makaranta kaɗai ba ta yi ba. Ta riƙe bayan kujera da hannu biyu.

"Takardun fa?" in ji Dakta. "Takardun da ke jikin ledojin."

Nan fuskar Injiniya ta washe, don ya san a wannan ba mai kama shi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da leda guda, ɗaure da roba, ya miƙa mata da ladabi.

"Ga su. Kin ce suna da muhimmanci, na ji. Ki ƙirga, ko ɗaya bai ɓata ba."

Dakta ta karɓa. Ta dubi ledar, ta dubi tulun, ta nemi benci ta zauna.

Injiniya ya lura yanayin ɗakin bai kai yadda ya tsara ba, ya gane dalili nan take: an ajiye tulun a ƙasa, ba a ganin kyansa. Ya kira majiya ƙarfi su ɗora shi a kan babban teburin da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Shugabar makaranta ta ce kada a yi, jami'in ya ce kada a yi, mai kura ma ya ce kada a yi. Injiniya ya ce shi ya san ƙarfin katako. Aka ɗora. Teburin ya yi shiru kamar yana tunani, sannan ƙafafunsa huɗu suka baje lokaci guda. Tulun ya sauko da dukan nauyinsa, ya fasa sabon daɓen, gindinsa ya nutse a ciki ya zauna daram. Akwatin gilashi ya yi tsalle a kan mazauninsa, Dakta da jami'in suka tare shi tare, duwatsun wuya suna rawa a ciki.

Ƙura ta lafa. Aka duba tulun. Lafiyarsa ƙalau.

"Tayil biyar ne kawai," in ji Injiniya. "Ina da ragowa."

Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya juya wurin Shugabar makaranta ya ce ya ga ƙoƙarinta, kuma zai faɗa a inda ya dace. Amma ba zai iya barin sauran kayan su kwana a nan ba. Ta juya ta dubi ramin da ke tsakiyar ɗakinta.

Ɗaliban Dakta suka naɗe duwatsun wuya a auduga, suka ɗauki dutsen niƙa, suka kwashe 'yan ledojin da Allah ya tsare saboda babur bai kai gare su ba. 'Yan aji shida suka tsaya a baranda suna kallo ana lodawa a mota. Injiniya ya bi jami'in har bakin mota.

"Ranka ya daɗe, tulun fa? Sai kun turo babbar mota, wannan ba za ta iya ba."

"Mu kayan tarihi muke ɗauka," in ji jami'in. "Wannan aikin bana ne. Ku riƙe abinku."

Motar ta tashi. Jama'a suka fara watsewa, kowa da abin da zai ba da labari a gida. Matar Injiniya ta shigo ta ɗauki zanen gadonta daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta fita ba ta dubi kowa ba. Ɗakin tarihi ya rage daga labule sai fasasshen tebur sai tulu.

Injiniya ya dawo ya sami Shugabar makaranta tsaye ita kaɗai a gabansa. Ya tsaya kusa da ita, ya harɗe hannu a baya, suka yi kallo tare.

"Kin dai ji da kunnenki, Malama. Duk abin da aka tono, nawa kaɗai aka ga ya dace ya zauna a unguwa." Ya shafa tulun. "Ina ganin ya kamata a sa ɗan allo a gabansa, da sunan wanda ya yi. Ba don ni ba, don yara."

Ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Za a sa," ta ce. "Da manyan baƙaƙe. Ina so duk yaron da ya tambaye ni ina kayan kakanninsa suka tafi, ya san ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa."

Injiniya ya gyaɗa kai, ya ji daɗi an fahimce shi.

"To a haɗa da lambar waya," ya ce. "Ba kullum nake gida ba."